Ƙirgin Wule a Bakin Tarbo

Sabon Birni, farkon watan Safar

Zuwa ga yayana Labbo, garejin bayan tasha, Agadas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Inna na gaishe ka, ta ce in tambaya ko ciwon bayan nan ya sake ka. Matarka Fatu na gaisuwa. Ɗiyarka Saude ta yi ɗan zazzaɓi da zawo, amma irin na yara ne, bana kowane gida akwai shi.

Labarin gari ka san shi. Ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba, abin da ya tsira fara ta bi ta kanshi. Rumbunmu na Kurawa mun share shi tun kafin babbar salla. Da motar da ka bar mani muke ci: ranar kasuwar Bafarawa in ɗauko gero, in kai bakin iyaka inda ya fi daraja, in dawo wa gida da abin tuwo.

To motar ce ta sa na rubuto. In na taka ta sai ta riƙa huci kamar kasa, ta zubo baƙin hayaƙi, ƙarfi babu. Rairayin da take hayewa da gudu yanzu sai an sauka an tura. Na buɗe na ga wurin. Daidai inda bututun iska ya fito daga tarbo, abin nan da ke tura wa inji iska, inda noti biyu sunka kama, nan baƙin mai ke naso, in ka kara hannu iska na bugun tafinka. Gasket ɗin wurin, faifan da ke toshe tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ya ruɓe, ɓarɓashi kawai ya rage.

Na je Isa, babu irinshi ko a shago ɗaya. Makanikai kuma kowa da tashi. Wani ya ce in yanka kwalin sukari in shafa gam. Wani ya ce robar cikin taya. Surukina Ɗanmusa, mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa, ya ce duk su yara ne, babu abin da ke toshe iska kamar fata. Yaya, kai ne ubanta, kai ka haɗa ta. Mi za ni yanka? Ka amsa da wuri, kowace kasuwa ta wuce mu ba ta dawowa.

Ka huta lafiya. Ƙanenka mai biyayya,
Amiru

Agadas, tsakiyar Safar

Amiru,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iske ni ƙarƙashin wata babbar mota, na fito na wanke hannu na karanta. Ka gaya wa Inna bayan na nan yadda ta san shi. Layi ɗaya ka ba ɗiyata, sauran takardar ka ba mota. Ban yi mamaki ba, na dai lura.

Ban zo garin ga don ina sha'awar rairayi ba. Gonar Baba ba ta isar mu biyu, ka ce kai ba ka iya baƙunta, ni na fito. Motar nan daga gawarwakin motoci na tsinto ta guntu-guntu, na bar ta gida don in wani abu ya samu Inna ko Fatu a sami abin fita da su. Ban bar ta don fatauci ba. Amma tun da da ita kuke ci, ban hana ba. Yunwa ba ta san niyyar kowa ba, ni ma nan na gan ta.

Ga amsarka, ka karanta a hankali. Iskar da tarbo ke turawa ba irin ta bakin rijiya ba ce. Da zafi take fitowa, da matsi, ga tururin baƙin mai a cikinta. Kwali zai sha mai ya yi laushi ya yage. Robar taya za ta kumbura da mai, zafi ya narka ta, matsi ya tofo ta waje. Fata ta fi su duka sharri. Ka gai da Ɗanmusa, ka ce ban raina sana'arshi ba. A cikin tuƙa-tuƙa fata gaskiya ce, don cikin ruwan sanyi take kwana, ruwan ke kumbura ta ta toshe. A bakin tarbo babu ruwa. Bushewa za ta yi, ta ƙanƙance, ta tsage. Ranar farko za ta yi maka kyau har ka yi mata waƙa, ranar da kake tsakiyar daji da kaya ta bar ka.

Akwai wata takarda mai kauri, toka-toka, wadda anka yi don wurin nan, mutanen nan juwan suke ce mata. Za ni ba Jibrilla ƙunshi, direban nan da ke bi ta Maraɗi ya sauka wajenku. Ka jira shi. In ka matsu, ka yi ta tafiya da hucin, a hankali, da kaya kaɗan. Huci ba ya kashe mota.

In an gyara, tafiyar farko ba ta gero ba ce. Direbobi sun ce an buɗe wani wuri a Maraɗi inda ake awon yara, a ba su madara da magani, ba a tambayar ɗan wane gefen iyaka ne. Ka kai Fatu da Saude can. Kada ka jira Fatu ta roƙe ka. Saude ɗiyarta ce ta fari, ko sunanta ba ta faɗi, balle ta tsaya gabanka da gaban Inna ta ce ɗiyarta ba ta da lafiya. Kai za ka duba da idonka. Kafin nan a ci gaba da ba yarinyar nonon Wule, ko cokali ɗaya take bayarwa. Saniyarta ce ta suna, ba ta gida ba, kada kowa ya sha sai ita.

Ka gai da Inna da kyau. Wassalam.
Labbo

Sabon Birni, ƙarshen Safar

Zuwa ga yayana Labbo.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta riga Jibrilla isowa, mun karanta, mun ji duk karatun. Yaya, ashe Agadas har malamai take mayar da makanikai.

Albishirinka. Mota ta warke. Jibrilla ya tsaya gyaran taya a hanya, kasuwar Bafarawa kuwa ba ta jiran kowa, sai Ɗanmusa ya ce in kawo mashi ita. Ya yanko daga ƙirgin Wule, wajen wuya inda ya fi kauri, ya kankare gashin, ya jiƙa da man gyaɗa, ya huda da tsinke ya ɗaure. Wallahi ko numfashi ba ta yi yanzu. Rairayin Turba da ke ba ni wahala, jiya da cikakken lodi na haye shi ban canja giya ba. Ɗanmusa ya ce in gaya maka tun kana rarrafe yake toshe iska da fata, kuma takardar Nasara ba ta fi saniyar Gobir ba. Mutanen tasha sun yi ta dariya.

Ƙunshinka ya iso daga baya, mun gode, na adana shi. Ban ga dalilin kwance abin da ke aiki ba. In ta sake huci sai a sa.

Maganar Maraɗi ina sane. Kasuwa ce ta buɗe yanzu, in na bar ta wasu za su shige gabana. Kuma ka kwantar da hankalinka, Saude na samun sauƙi. Har ƙiba ta fara, kumatu da ƙafafu duk sun cika, munduwar ƙafarta ma sai da anka cire. Rigima ce dai ta yi mata yawa, ba ta son abinci.

Inna da Fatu na gaisuwa. Ka huta lafiya.
Ƙanenka, Amiru

Agadas, farkon watan Mauludi

Amiru,

Salamu alaikum. Ƙirgin Wule ka ce. Na karanta layin na sake karantawa ko idona ne. Saniya ba ta ba da ƙirgi tana tsaye. Yaushe ta faɗi? Tun kafin takardarka ta fari, ko ba haka ba? Ƙirgi ba ya bushewa a yini ɗaya. Ina nan ina rubuta a ba ɗiyata nono, ku kuna can kun shanya fatar bisa danga. Da ba don kana yabon surukinka ba, da har yau ban ji ba. To mi yarinyar take sha tun sannan?

Abin da ka gani ba ƙiba ba ce. Na ga irinta nan wajen matan da ke saukowa daga daji. Ka danna ƙafarta da yatsa, za ka ga ramin ya tsaya bai taso ba. Ruwa ne. Yaron da ya kumbura haka ya ƙi abinci, ba a jiran kasuwa da shi.

Ranar da takardar ga ta iso, ka cire fatar nan, ka buɗe ƙunshina, ka sa abin da ke ciki, ka ɗauki Fatu da Saude. Ba buhu ko ɗaya. Ka bi hanyar mota ta Gidan Rumji, kada ka shiga gulbi. Ɗanyen ƙirgi ma ya sa maka, ko jima ba a yi ba. Yanzu haka ya fara gasuwa, kai ne ba ka gani.

A karanta takardar ga gaban Inna. Ban yarda ka karanta kai kaɗai ba.

Ban taɓa roƙonka komai ba. Ina roƙonka wannan.
Labbo

Sabon Birni, bayan Mauludi
Da hannun ƙanwata Safiyatu

Zuwa ga Maigida.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gajiyar aiki da zaman baƙunta. Na san saƙon baki ya riga ni zuwa. Na ce dai ka ji daga wadda take wurin, don kowa zai faɗa maka yadda ya fi mashi sauƙi.

Wule ita ta faɗi da kanta, ba wanda ya cuce ta. Babu ciyawa, dusa kuma mutane ke ci. Da ta kasa tashi anka yanka ta kada ta yi mushe. Inna ce ta ce kada a gaya maka, wai mutumin da ke nesa ba a ƙara mashi kaya. Tun sannan yarinyar kunun dusa take sha da tafasa. Na ga kumburin tun farko. Na san ba ƙiba ba ce. Sau da yawa nakan zo bakin zaure in tsaya, ƙanenka na ciki, in kasa buɗe baki in koma. Haka anka rene mu. Ba na neman ka yafe wannan, na dai faɗa.

An karanta takardarka gaban Inna, ta sa baki, ƙanenka ya yarda. Maganar fatar ya ce in mun dawo, mota lafiyarta ƙalau. Da safe na fito da yarinyar na iske bayan motar cike da buhunan gero har sama. Ya ce ai hanya ɗaya ce, man da za a ƙona ya fito a ciki. Saboda geron ba ya iya bin hanyar da masu bincike suke, sai munka sauka cikin gulbi. Gulbin ya ƙafe, rairayi ne zalla.

Rana na tsaka motar na ta gurnani, sai wani ƙauri ya fara shigowa. Ka san ƙaurin babbaka ranar salla. Yarinyar da tun jiya ba ta buɗe ido ba ta buɗe. Ta ce, "Fatu, ana babbaka. A ba ni ganda." Na ce to, in mun isa. Ta ce, "Yanzu." Rabon da ta nemi abinci da bakinta na manta. Ban san fatar saniyarta take shaƙa ba sai daga baya.

Ba a jima ba munka ji wani abu ya fashe gaba, hayaƙi ya rufe mu, motar ta yi sanyi ta zauna cikin rairayi har ciki.

Akwai wasu mata bakin gaɓa suna tsinkar 'ya'yan anza, abincin yunwa. Sunka bar itacen sunka zo sunka tsaya. Buhunan kawai suke kallo. Nan na cire kunya, karo na farko, na ce mashi, "Amiru, sauke geron nan ko motar ta tashi." Ya ce ko an sauke ba ta tashi, in kuwa buhu ya taɓa ƙasa ba mai mayar da shi sama. Ko za ta tashi ko ba ta tashi, ban sani ba. Ba a gwada ba. Na ce to ya ɗauki yarinyar mu taka, ya fi ni sauri. Ya dubi matan ya ce in ya juya baya, Inna ba ta da abin ci har kaka.

Na goya ta na bi gulbin. Wani mai amalanken jaki ya tsince ni ya ɗauke mu, Allah ya saka mashi. Tana ta tambayar gandar, murya na raguwa. Daga baya ta daina. Ban sauke ta ba. Na ji dai goyon ya canja nauyi, na ce wa mai jakin kada ya wahalar da dabbarshi, ba sauri kuma.

A wani ƙauye gabanin Gidan Rumji anka yi mata sutura. Mutanen ba su san mu ba, liman ya ba da ƙyallen rawaninshi. Ƙanenka ya iso kafin la'asar ta fita, bayan ya sami wanda zai tsare mashi kaya. Ya yi kuka har anka riƙe shi, kuma shi ya haƙa ramin da hannunshi, ya hana kowa taya shi. Wannan ma gaskiya ne, ka haɗa da sauran.

Ƙunshinka na nan rataye ga ƙusa a zaure. Kullum ta ƙarƙashinshi nake wucewa.

Safiyatu ta ce ita za ta rubuta sunan, ba sai na faɗa ba. Na ce ta dakata in faɗa da bakina tukuna. Saude. Allah ya sa mai ceto ce.

Ka yi haƙuri. Allah ya ba ka lafiyar baya.
Fatu

Sabon Birni, ƙarshen watan Mauludi

Zuwa ga yayana Labbo.

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri? Allah ya jiƙan Saude, ya sa tana cikin 'yan aljanna, ya mayar maka da mai albarka. Yaya, ni ma ɗiyata ce. Tun ranar ban iya cin nama ba, ko warinshi ba na so. Liman ya ce in kwana ya ƙare, ko a jirgin sama anka ɗauke ta ba ta isa. Ina riƙe da wannan, ina fatan kai ma za ka riƙe. Na san Fatu ta rubuto. Mace ce cikin zafi, ba ta san yadda lodi da rairayi suke ba. Kana da hankali, za ka auna.

Ɗanmusa ya ce fatar ba ta da laifi, man gyaɗar ne bai ratsa ta ba. Ni dai na bar maganarshi.

Da raƙuma anka jawo motar. Ba a yi asarar geron ba, alhamdu lillahi, ko buhu ɗaya ba a taɓa ba. Amma motar na zaune tun sannan, gida kuma ya fara ganin ƙasan tukunya. Inna ta rame, ba ta faɗi, amma ina gani. Ba don ita ba da ban dame ka a irin wannan lokaci ba.

Takardar juwan da ka aiko cikin ƙunshi tana nan. Ka gaya mani yadda ake yanka ta, da aska ne ko da almakashi, kuma yaya ake huda ramukan noti ba ta yage ba? A wane ma'auni zan zana, tun da tsohon ya ruɓe? Ina tsoron in ɓata ta, ba mu da wata.

Ka yi haƙuri, ka amsa da wuri. Ƙanenka,
Amiru

Agadas

Amiru,

Wa alaikumus salam. Na karɓi ta'aziyya.

Buɗe ƙunshin. Tun nan na yanka juwan ɗin, na huda ramukan, na gwada a bakin tarbo irin naka. Sifanar da ke kama notin ma tana ciki. Kafin ruwan shayi ya tafasa ka gama.

Ka kankare bakin ƙarfen ya yi fes. Ka cire bututun ka kakkaɓe, kada guntun fata ya shige injin. A bushe ake sa shi, ba gam, ba mai. Ka ɗaure notin kaɗan nan, kaɗan can, har su zauna tare. Motar ta ci gaba da ciyar da Inna, na bar maka ita.

Wule ban ɗora maka ba, fari ne. Ramin da ka haƙa na ji, Allah ya ba ka ladarshi. Kwana na Allah ne, ban yi musu da liman ba. Ƙullin igiyar ƙunshin nan da ba ka kwance ba, shi ne naka.

Jibrilla zai ɗauko Fatu in ta yarda. In Inna na da magana, Safiyatu ta rubuta. Kai kada ka sake rubuto mani.

Labbo